Mako ɗaya a Barlin da ƙaramin guzuri, ta ina ake farawa?

Ɗalibin Samaru: Assalamu alaikum. Ina son in yi mako ɗaya a Barlin lokacin hutu, daga ni sai jakar goyo. Don Allah yayyena da suka san Jamus, ina ne kuɗi ya fi zurarewa, kuma ya batun abincin halal?

Malamin Kongo: Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara da biza kafin lissafin abinci. Kuɗin bizar Shengen, wadda ake shiga Jamus da ita, Yuro 90 ne, in an hana ka kuma ba a mayarwa. Dole ka haɗa da inshorar lafiya da za ta iya biyan aƙalla Yuro 30,000, da shaidar masauki, da bayanin asusun banki. Abin da ke kayar da mutane shi ne a zuba maƙudan kuɗi a asusu ana gobe za a kai takardu, su kuwa shige da ficen kuɗin na watanni suke dubawa. Ana karɓar takardu tun saura wata 6 a yi tafiya, kada ka bari sai ya ƙure.

Ɗan Tudun Wada: Malam ya gama magana kan biza. In ka sauka, ka sani an raba sufurin Barlin shiyya uku, A, B da C, filin jirgin kuma yana shiyyar C, don haka tikitin ABC za ka yanka, AB ba zai wadatar ba. Tashoshin jirgin ƙasansu babu shinge, kowa shiga yake yi, shi ya sa baƙo ke zaton kyauta ne. Tikitin takarda sai ka soka shi a ɗan injin da ke bakin dandamali ya buga masa lokaci. In masu bincike suka same ka da wanda ba a buga ba, tarar Yuro 60 ce, kuma ba a ba su haƙuri. Bas mai lamba 100 yana bi ta manyan wuraren kallo da tikitin yau da kullum. Hawa ƙubbar Reichstag, ginin majalisar dokokin Jamus, kyauta ne, amma sai ka yi rajista ta intanet tukuna.

Hajiya ta Sabon Gari: Ɗana, kama gado a masaukin matafiya mai kicin, ka riƙa girki da kanka. Tafi da garin rogo, ƙuli-ƙuli da yaji, amma ban da kilishi, an hana shiga Tarayyar Turai da nama ko madara. Yi cefane a Aldi ko Lidl ranar Asabar, don kantuna a rufe suke ran Lahadi, sai 'yan kaɗan a manyan tashoshin jirgin ƙasa. Robar lemo kada ka yar, santi 25, wato kwatan Yuro, ake mayar maka a kan yawancinsu in ka mayar da su kanti. Ruwan famfo ana sha. Nama kuwa ka nufi titin Sonnenallee a unguwar Neukölln, mahautan Larabawa da Turkawa sun cika wurin. Duk abin da ka ga an rubuta Schwein a jikinsa, alade ne.

Ɗan Tudun Wada: Na manta, sayi kwaɗo na kulle loka, da adafta mai ƙafa biyu zagayayyu. Cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga soket ɗinsu.