Bincikena daban, aikin ofis daban, ina mafita?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, ina neman shawara. Ni ke kula da rumbun kundayen digiri na laburarenmu, a kan DSpace yake (manhajar adana rubuce-rubuce a intanet), kuma ina karatun digiri na biyu. Malamin da ke duba aikina ya dage sai na yi bincike kan musayar bayanai tsakanin rumbuna. Alhali a namu rumbun sunan marubuci ɗaya an rubuta shi iri uku, wani kundin ba shekara ba maudu'i, wasu hotunan shafuka ne kawai, ka nemi kalma ba za ta fito ba. Na kai wa oga abin da na karanto, ya ce in ajiye in ci gaba da ɗorawa. Kaina ya ɗaure. In canza maudu'i ne?

Tsohon ma'aikaci: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, yi abin da malaminki ya ce ki karɓi takardarki. Masu binciken nan don ƙarin girma suke rubutu, ba don mu ba.

Malama: Haba Yallaɓai! DSpace ɗin ma ai jami'ar MIT ta Amurka da HP Labs, sashen bincike na kamfanin HP, ne suka fitar da shi a 2002. Tsarin OAI-PMH da ke kwasar bayanai daga rumbu zuwa rumbu bincike ne ya haife shi. Matsalarki ita ce maudu'inki: in ba a cike guraben Dublin Core 15 (bayanan kowane kundi, irin su sunan marubuci, shekara da maudu'i) da kyau ba, me za a yi musaya da shi?

Tsohon ma'aikaci: MIT na da ma'aikata da kuɗi. Na ga rumbu ya mutu ranar da mai kula da saba (kwamfutar da rumbun ke kanta) ya bar aiki. Wace mujalla ta rubuta wannan?

Ɗan kwamfuta: Mu ma sabunta manhajar ya gagara, na rubuta takarda har na gaji. Ki gwada Tesseract, manhajar da ke mayar da hoton shafi rubutu, a kan shafukan.

Mai tambaya: Na gode, amma malamin ba ya son aikin gyara, ya ce ba bincike ba ne. Kuma ba ni na ɗora tsofaffin kundayen ba, haka na same su.

Malama: To ki auna yawan kurakuran ki rubuta a kai.

Mai tambaya: Oga ba zai yarda a fitar da aibin rumbun ba.

Tsohon ma'aikaci: Kin ji abin da nake faɗa.