Neman shawara: 'yar wasana tana ɓacewa daga duk tarkon da na kafa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke jan ragamar wasan Dungeons & Dragons, bugu na 5, a teburinmu, wato wasan da ake ba da labari tare: kowane ɗan wasa na riƙe da jaruminsa, ni kuma ina tsara duniyar da abin da ke faruwa a cikinta. Ɗaya daga cikin 'yan wasan ta zaɓi jaruma daga jinsin eladrin, waɗanda asalinsu daga Feywild ne, wato duniyar aljanun daji irin na tatsuniyoyin Turawa. Jarumar tana da baiwar ɓacewa a nan ta ɓulla a can. Na sa dogarai sun kulle su a kurkuku, ta leƙa ta tsakanin ƙarafa ta fice. Dodo ya damƙe ta, ta sulale. Yanzu kuma cewa take, tunda ta cikin duniyar aljanu take ratsawa, me zai hana ta shiga can ta fito a tsakiyar baitulmalin sarki? Wani ɗan wasan ya ƙara min da cewa in haka ne, me ya sa aljanu ba su daɗe da kwashe dukiyar masarautar ba? Na rasa amsa. Ba na so in ƙwace mata abin da take jin daɗinsa, amma labarin na neman wargajewa. Yaya kuke yi?

Amsa ta farko: Wa'alaikumus salam. Ɗan uwa, koma ka karanta ƙa'idar da kyau, rabin matsalarka na nan. Baiwar eladrin ƙafa 30 kacal take kaiwa, kuma sai wurin da jarumar take gani da idonta, wanda babu kowa a tsaye. A tsarin da ya fito a 2018, sau ɗaya take yi, sai ta huta kafin ta sake. Sihirin Misty Step na mataki na 2 ma haka yake: ƙafa 30, sai inda ido ya kai. To kurkuku mai ƙarafa ai buɗaɗɗen fili ne a wurinta. Ƙofar katako marar taga, ko ƙyalle a ido, ko duhun sihiri, ya gama da ita. Sulalewa daga hannun dodo kuwa daidai ne, ƙa'ida ta ba ta, kuma dodon ba ya samun damar kai mata sara yayin da take barinsa. Kada ka hana ta wannan. Amma ka tuna ita kaɗai take tafiya. Ta fita, abokanta na ciki, makullin na wurin mai gadi.

Amsa ta biyu: Na yarda da na sama, sai dai tambayar baitulmali ta fi ƙarfin lissafin ƙafa. Abin da ya gyara min nawa teburin shi ne na raba abu biyu da 'yan wasa ke cakuɗawa. Gajeren tsalle daban, ƙetarawa zuwa duniyar aljanu daban.

A labari, ina bayyana Feywild a matsayin inuwar duniyarmu, tana kwance a kanta: inda akwai kogi a nan akwai kogi a can, sai dai komai ya fi tsananin launi da haɗari. Mai gajeren tsalle gefen wannan duniyar kawai take gogawa, na ƙiftawar ido, ba ta da ikon tsayawa balle ta zaɓi hanya. Shi ya sa sai ta riƙe wurin sauka da ido kafin ta ɗaga ƙafa.

Ƙetarawa ta gaske tana da mashigai, kuma littafin jagoran wasa ya ambace su: fili a tsakiyar kurmi, tafki mai ruwa garai, zoben naman kaza, ƙarƙashin kututturen tsohuwar bishiya. Wasu ba sa buɗewa sai a wani lokaci ko da wani sharaɗi. A nan ne daɗin yake. Mashigi na da mai shi, kuma aljanin ba ya son zinariya. Zai ce ki ba ni sunanki na shekara guda, ko ki yi min alkawarin amsa kirana sau ɗaya duk inda kike. 'Yan wasa suna saurin cewa to, sai bayan zama uku su gane abin da suka sayar.

Ga kuma lokaci. Akwai jadawali a littafin da ake jefa ɗan lido mai fuska 20: kwanakin da suka yi a can na iya zama mintoci a gida, ko makonni, ko watanni, ko shekaru. Su tafi don su riga maƙiyi zuwa birni, su dawo su tarar an naɗa sabon sarki. Akwai kuma mantuwa da abin da ya faru a can ga wanda ya faɗi jifar Hikima, wato jefa ɗan lido don gwada hikimar jarumi, amma masu jinin aljanu kamar jarumarka ba ta kama su. Ka duba yadda wannan zai yi armashi: ita kaɗai ke tuna alkawarin da suka ɗauka gaba ɗaya.

Amsa ta uku: Ni fa ban goyi bayan sauyin lokaci na shekaru ba, yaya. Na ga ya kashe labari ɗungurungum, duk mutanen da 'yan wasa suka saba da su sun tsufa ko sun mutu saboda jifa guda. In za ka yi, tsaya a makonni, kuma ka bar wani dattijo a labarin ya gargaɗe su tukuna.

Amsa ta huɗu: Game da baitulmali: duniyar da aka san ana ɓacewa, masu dukiya sun daɗe da shiri. Akwai sihirin Forbiddance na mataki na 6, yana hana shiga wuri ta ɓacewa ko ta ƙofar wata duniya, yana kuma iya ƙona aljanin da ya taka ciki. In aka maimaita shi kullum har kwana 30 sai ya zauna daram. Sarki zai iya biya, attajirin ƙauye ba zai iya ba, shi sai ya dogara da ɗaki marar taga da ƙarfe a bakin ƙofa. Tsoron ƙarfe da aka ce aljanu na yi daga tatsuniyoyin Turai yake, in kana so ya yi aiki a wasanka sai ka mai da shi dokar teburinka. Kuma kada ka manta abokan gaba ma suna yi. Akwai wani karen aljanu a wasan da ke ɓacewa ya ɓulla a tazarar ƙafa 40, aljanar bishiya tana shiga wannan itace ta fito ta wancan a tazarar ƙafa 60.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: in ta ce ta leƙa ta kafar makulli fa?

Amsa ta farko: Ni ina bari, muddin akwai haske a ɗakin kuma ta ga ƙasan da za ta sauka. Sai dai kafar makulli siririn layi take nunawa, ba ta nuna mai gadin da ke bayan ƙofa ba. Ka faɗa mata hukuncinka kafin a fara zama na gaba, a gaban kowa, don kada ta ji kamar don ita ka ƙirƙiro shi a tsakiyar faɗa.