Me za mu kira frigate da Hausa? Ni dai na tsaya a kan firgaɗa

Assalamu alaikum 'yan uwa na Jidda da Makka da Madina, da na tsallaken ruwa a Bur Sudan da Kasala da Mai Wurno. Akwai wata kalma da nake so mu tsayar da magana ɗaya a kanta, wato frigate, sunan wani nau'in jirgin ruwan yaƙi. Wasunku sun riga sun rubuto shawarwarinsu, zan amsa su a ƙasa. A Hausarmu ta labarai, duk abin da sojan ruwa ya hau sunansa jirgin ruwan yaƙi. Wanda ke ɗauke da gomman jiragen sama a gadon bayansa haka ake kiransa, ɗan ƙaramin da ke sintiri a bakin gaɓa shi ma haka. Mu da muke kwana muna tashi a bakin Bahar Maliya, wannan dunƙulallen suna ya yi mana kaɗan.

Ga abin da yake jawowa. Ranar 30 ga Janairu 2017 aka kai wa jirgin Saudiyya mai suna Al-Madina hari a kusa da Hudaida ta ƙasar Yaman, da ƙaramin kwale-kwale cike da abin fashewa, sojoji biyu suka rasu. Larabawa suka ce an kai wa farqata hari, Turawa suka ce frigate, kowa a cikinsu ya san girman abin da aka taɓa da irin aikinsa. Mai karanta Hausa kuwa abin da ya samu shi ne "jirgin ruwan yaƙi", sai ya ƙiyasta sauran da kansa. Haka in an ce akwai mudammira a Bahar Maliya, wadda Turawa ke kira destroyer, mai jin Larabci ya san ba ta Saudiyya ba ce, domin rundunar ruwan Saudiyya ba ta da irin wannan jirgi. Baƙi ne suka shigo, kamar jirgin Amurka mai suna Carney da ya kakkaɓo makamai masu linzami da jirage marasa matuƙi ranar 19 ga Oktoba 2023. Sunan nau'in jirgi kaɗai yana gaya maka ko wa ya zo, kuma da wace niyya.

To mene ne shi frigate ɗin? Jirgin yaƙi ne da aka ƙera don ya yi nisa cikin teku ya daɗe bai dawo tasha ba. Yana tsaron ayarin jiragen kaya ko manyan jiragen yaƙi, yana farautar jiragen ƙarƙashin teku, yana harbo abin da ya taso ta sama, kuma galibi yana da filin saukar helikwafta a bayansa. Ga su nan kusa da mu, a sansanin Sarki Faisal da ke Jidda, mazaunin rundunar yamma. Akwai huɗu da Faransa ta ƙera aka kawo a 1985 da 1986: Al-Madina, Hufuf, Abha da Ɗa'if. Akwai uku da suka fi su girma, su ma na Faransa, waɗanda suka iso tsakanin 2002 da 2004: Riyad, Makka da Dammam. Rundunar gabas tana Jubail, a Tekun Fasha.

Shawarar da ta fi saurin zuwa baki ita ce a raba su da girma: babban jirgin yaƙi, matsakaici, ƙarami. Sai destroyer ya zama babba, frigate matsakaici, corvette ƙarami. Da jin ta kamar ta warware matsalar, amma alƙaluman ba su yarda ba. Al-Madina tsawonta mita 115, nauyinta wajen tan 2,600. Jiragen corvette biyar da kamfanin Navantia na Sifaniya ya ƙera wa Saudiyya bisa yarjejeniyar 2018, su Al-Jubail da Dir'iyya da Ha'il da Jazan da Unaiza, kowanne mita 104 ne, nauyi kusan tan 2,500. Ka ga ƙaramin ya kusa kamo matsakaicin. A can Jamus akwai frigate da ya haura tan 7,000, Iran kuma tana kiran jirginta Jamaran, mai tan 1,500 ko kusa da haka, da sunan destroyer. In muka ce "matsakaici", mai karatu zai tambaya: tsakanin me da me? Kuma siffa ce ba suna ba, da an yi layi biyu marubuci zai yar da ita ya koma jirgin ruwan yaƙi.

Shawara ta biyu ta fi wannan nauyi, kuma na daɗe ina juya ta: jirgin rakiya. Tarihi yana bayanta. A Yaƙin Duniya na Biyu ne sojan ruwan Ingila suka farfaɗo da tsofaffin sunayen nan guda biyu, corvette da frigate, suka ɗora wa jiragen da ke raka ayarin jiragen kaya a Tekun Atilantika don kare su daga jiragen ƙarƙashin teku na Jamus. Rakiyar ce asalin aikin. Amma ku saurari yadda Bahaushe ke amfani da kalmar. In an ce wane ɗan rakiya ne a zaɓe, ko ƙungiya kaza 'yan rakiya ce a gasar ƙwallo, ana nufin ba su da ta cewa, sun zo cika lissafi ne kawai. Jirgi irin Riyad, mai mita 133, ɗauke da makaman Exocet na nutsar da jirage da na Aster na kakkaɓo abin da ke sama, a ce masa na rakiya, an rage masa daraja a kunnen mai sauraro. Ga shi kuma sunan ya hau corvette daidai yadda ya hau frigate, bai raba su ba.

Abin da nake ba da shawara shi ne mu ɗauki kalmar da 'ya'yanmu haifaffun nan suka riga suka saka cikin Hausarsu, wato farqata ta Larabci. Larabci yana rubuta ta da ƙaf da ɗa mai hannu. Ɗa mai hannu ba ta ba mu wahala, tun fil azal ɗ take zama a bakinmu: ɗalibi, ɗahara, ɗawafi, sharaɗi. Ƙaf kuwa hanya biyu gare ta. Ta hanyar littafi takan zama ƙ, kamar alƙali da alƙalami da ƙabila, sai mu sami firƙaɗa. Ta hanyar kasuwa da tasha, mutanen Hijaz da na Sudan duka g suke furta ta, sai mu sami firgaɗa. Na zaɓi ta biyu, don ita ce kunne ke ji a gaɓa biyu na tekun nan, kuma ta fi sauƙin fita.

Saura wasalin farko. Za ka ji mai labarai ya ce far, wani ya ce fir. Mu mu riƙe fir. Fargaɗa harafi ɗaya ya raba ta da fargaba, kuma su biyun a labari ɗaya za su riƙa haɗuwa. Kanun labari ya ce "fargaɗa a Bahar Maliya", ido mai sauri zai karanta fargaba, balle a waya inda mutane da yawa ba sa saka lanƙwasa. Firgaɗa ba ta da wannan tarko. Kusancinta da firgita ma bai yi mata illa ba, tunda jirgin yaƙi ake magana.

Nahawu ya karɓe ta ba gardama. Mace ce, ta ƙare da a: firgaɗar Saudiyya ta iso, firgaɗar nan ta Faransa ce. Jam'inta ya bi sahun taga da tagogi, hanya da hanyoyi: firgaɗa, firgaɗoɗi. Ku gwada da ta Turanci ku gani. Firiget ko firigeti? Namiji ko mace? Jam'in fa? Kowane marubuci zai yi nasa.

Na ga abin da Baba Alhaji ya rubuto daga Shara Mansur da ke Makka, cewa kayan aro ba ya rufe katara, kuma wanda ke Kano ko Damagaram bai san firgaɗa ba. Baba, Allah ya ƙara girma, rabin maganarku ta biyu gaskiya ce, bai san ta ba. Amma frigate ɗin ma bai san ta ba, babu wata kalma da ta riga ta zauna da za mu ture. Batun aro kuwa, ku dubi kayan yaƙin da ke bakinmu. Bindiga da albarushi daga Larabci suka zo. Soja, kyaftin, manjo, janar, bataliya, duk daga Turanci. Ba wanda ke jin su baƙi yau. Ita kanta kalmar da muke magana a kai, Ingilishi aro ya yi daga Faransanci, asalinta kuma fregata ce ta Italiya. Turkawa sun ara, Larabawa sun ara. Ƙasar Hausa ba ta da teku, kakanninmu da suka yi tattaki zuwa aikin Hajji sai a Sawakin, tashar ruwa ta Sudan, da yawansu suka fara ganin ruwan gishiri. Ba aibu ba ne a ce ba mu gaji sunan wannan jirgi ba. Abin da ya rage mana shi ne mu ara da kyau, yadda kalmar za ta zauna a harshe.

Wani ƙanena kuma ya kawo shawarar a kira jirgin zagi, ya ce kamar yadda zagi ke gaban dokin sarki haka jirgin ke gaban ayari. Hoton ya yi kyau, ƙanena, sai dai zagi buɗe hanya yake yi da riƙe linzami, ba shi ne mai gwabzawa ba in an tare hanya. Kuma firgaɗa takan fita ita kaɗai ta yi makonni tana sintiri ba tare da tana gaban kowa ba.

Shawarar da ta fi taɓa ni ita ce ta Yaya da ta rubuto daga Bur Sudan, cewa mu bi sawun sojan ruwan Najeriya, su da suka sa wa jiragensu sunayen Hausa. Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne da mutanenmu da yawa ba su sani ba. Babban jirgin Najeriya da kamfanin Blohm da Voss ya ƙera a Jamus, wanda ya fara aiki a 1982, sunansa Aradu, kuma shi ɗin ma firgaɗa ce, mai mita 125 da ɗoriya. An yi corvette mai suna Dorina. Akwai Damisa, akwai Kyanwa, akwai Kada da aka kawo a 2022 mai sauke sojoji da motoci a gaɓa. Yaya ta ce me zai hana mu kira duk frigate aradu, duk corvette dorina? Yaya, abin da ya hana shi ne waɗannan sunayen yanka ne na jirage ɗaiɗai. In muka ce "aradun Saudiyya ta isa Bur Sudan", ɗan Najeriya zai ɗauka nasu jirgin aka sayar. Mu bar wa Aradu sunansa, mu ce firgaɗar Najeriya, Aradu. Kin ga an san nau'i, an san suna.

Kuma kin fi kowa sanin dalilin da ya sa abin ya dame ni. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, jiragen sojan ruwan Saudiyya ne suka riƙa ratsa kusan kilomita 300 da ke tsakanin Bur Sudan da Jidda suna kwaso mutane, na farko suka iso ranar 22 ga watan. Al-Jubail da Dir'iyya suna cikinsu. Masu 'yan uwa a can kowa kunnensa na kan labarai, yana son sanin wane irin jirgi aka tura, zai ɗauki mutum nawa. Corvette an ƙera ta ne don ma'aikatanta wajen ɗari, ba jirgin fasinja ba ce, ɗaukar da za ta yi tana da iyaka. Wanda ya san nau'in jirgin ya san abin da zai sa rai da shi.

Yadda nake so mu riƙa rubutawa: a karon farko cikin labari a ce "firgaɗa, wato jirgin yaƙi mai tsaron ayari da farautar jiragen ƙarƙashin teku", daga nan har ƙarshe firgaɗa kawai. Misali: firgaɗar Jamus mai suna Hessen ta shiga aikin tsaron jiragen kaya na Tarayyar Turai a Bahar Maliya a Fabrairun 2024. Ko kuma: rundunar yamma tana da firgaɗoɗi bakwai ƙirar Faransa. Haka in lokacin atisayen Al-Mauj Al-Ahmar ya zo, wanda Saudiyya ke karɓar baƙuncinsa a Jidda tare da Masar da Jodan da Sudan da Jibuti da Yaman, masu fassara mana labarinsa su gwada kalmar mu ji yadda take a bakin mai karantawa. Jirgin ruwan yaƙi yana nan a matsayinsa na sunan dangi gaba ɗaya, ba a kore shi ba.

Destroyer ba zan tsaya a kanta yau ba. Mudammira tana da sauƙin ɗauka yadda take, in kuma akwai mai son ƙirƙira daga ragargaza ko rugurguza, ƙofa a buɗe take.

Corvette ce ta fi wuya. Larabawa ma kurfit suke cewa, aron da bai gama narkewa a bakinsu ba, ba na son mu aro abin da bai nuna ba. Ƙaramar firgaɗa za ta yi aiki na wucin gadi, tunda a cikin runduna ɗaya galibi ita ce ƙasa da firgaɗa a nisan zango da daɗewa a teku, amma na riga na nuna muku inda ma'aunin girma ke zamewa. Jirgin gadin gaɓa kuma zai rikice da jiragen masu tsaron iyaka, waɗanda a nan Saudiyya hukuma ce daban da sojan ruwa. 'Yan uwa masu aiki a tashar Bur Sudan da ta Jidda da ta Yanbu, ku da kuke ganin jiragen nan suna shiga suna fita, me kuke ce wa irin su Al-Jubail in kuna hira da Hausa a tsakaninku? Ku rubuto yadda kuke furtawa, harafi da harafi, ko da kuna ganin ba daidai ba ne.