Kalmar "charge" ta ɗaure mani kai, ma'anarta nawa ne?

Mai Caji na Mabera:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da shagon cajin waya a nan Mabera, kuma bana nake son sake rubuta WAEC don in samu kiredit a Turanci. Kalma guda ta tsaya mani a rai, wato "charge". A sanina caji shi ne a jona waya ga wuta batir ya cika, sana'ata ke nan. To amma saƙon banki ya shigo, na ga an rubuta "charges" an zare mani kuɗi. Na kai gyatumata asibiti, ga ƙofa an rubuta "nurse in charge". Wanda ya fi damuna shi ne na makon jiya. An kama ɗan maƙwabciyarmu kan rigimar babur, wani ya ce mata an yi "charging" ɗinsa zuwa kotu. Tsohuwa ta taho shagona tana hawaye, wai tunda ni na san caji in faɗa mata nawa anka caje shi, ta sai da tunkiyarta ta biya. Don Allah masana, kalma ɗaya ce ko kalmomi ne daban suka yi kama? Kuma mi zan ce wa wagga baiwar Allah?

Malamin Turanci, Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kalma ɗaya ce, kuma in ka riƙe tushenta sauran duk za su zo maka da sauƙi. Ingilishi ya aro ta daga Faransanci, cikin ɗimbin kalmomin da suka shigo bayan Normawa sun ci Ingila a 1066. Faransanci kuma ya gaje ta daga Latin, inda take nufin loda kaya a kan amalanke. Dangi ɗaya suke da "car" da "cargo" da "carry". Asalinta ke nan: ɗora kaya.

Yanzu dubi yadda mu ma muke yi da "ɗora". A ɗora wa jaki kaya, a ɗora wa mutum nauyin gida, a ɗora masa haraji, a ɗora masa laifi. To haka Bature ya yi da tasa. Nas ɗin da ka gani, nauyin ɗakin ne aka ɗora mata, ita ce mai kula da shi. Banki kuɗin hidima ya ɗora maka. Yaron maƙwabciyarku laifi aka ɗora masa. Naka na shago kuwa ya fi kusa da ɗuri: a da maharbi in ya ɗura wa bindiga albarushi "charge" ake cewa, da ilimin lantarki ya zo sai aka ci gaba da amfani da kalmar. Benjamin Franklin na Amurka ya yi ta amfani da ita a rubuce-rubucensa kan lantarki tun wajejen 1740 da 'yan kai. Akwai kuma ma'anar afka wa abokan gaba a sukwane, za ka gamu da ita a littattafan tarihi na Turanci, irin masu ba da labarin yaƙin Giginya na 1903, inda Turawa suka ci Sakkwato.

Tunda jarrabawa ce a gabanka, kula da ƙananan kalmomin da ke raɓe da ita, su ke tona ma'ana. "Charge for" kuɗi ne. "Charge with" tuhuma ce, ko danƙa aiki. "Charge at" afkawa. "In charge of" shugabanci, "free of charge" kyauta. WAEC na son ta ja layi ƙarƙashin kalma ta ce ka kawo wadda za ta maye gurbinta yadda aka yi amfani da ita a cikin labarin, a nan yara da yawa ke zubar da maki, don sun haddace ma'ana guda sun tsaya.

Tsohon Tafintan Kotu, Ƙofar Atiku:

Malam ya gama bayani na ilimi, Allah shi ƙara basira. Ni zancen tsohuwar nan ya hana ni wucewa, don na yi shekaru ina tafinta kuma na ga irin wannan ruɗu ya ci dukiyar talakawa.

Ɗana, ka koma ka ce mata kada ta taɓa tunkiyarta. Ba tara anka ci yaron ba, ba a kuma yanke mashi hukunci ba. Tuhuma ce, wato an rubuta laifin da ake zargin ya yi za a karanta mashi gaban alƙali, shi amsa ko shi musa. Daga nan ma sunan caji ofis ya samo asali, wurin da ake rubuta tuhumar wanda anka kamo, ba wurin biyan kuɗi ba. Mutanenmu da yawa in sun ji "caji ofis" sai hannu ya tafi aljihu, su kuma 'yan tsakiya masu rakuɓe a bakin ƙofa abin da suke jira ke nan.

Ku san haƙƙinku. Tsarin mulkin 1999, sashe na 36, ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifin, kuma dole a sanar da shi tuhumar cikin harshen da yake ji, a ba shi tafinta ba tare da ya biya ko sisi ba. Sashe na 35 kuma ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana guda in akwai kotu tsakanin kilomita 40, ga shi kuwa cikin garin Sakkwato ba a rasa ta. Ranar zama ku sami dattijo guda mai mutunci da tabbataccen adireshi wanda zai tsaya mashi beli. Yaron kuma in an karanta bai gane ba, kada shi gyaɗa kai don kunya, shi buɗe baki shi ce a faɗa mashi da Hausa. Na sha ganin yaro ya amsa laifi alhali shina zaton tambayarsa anka yi ko ya ji abin da aka karanta.

Hajiya Mai POS, Gawon Nama:

Baba ya faɗi gaskiya. Ni ma kullum sai na yi wannan bayanin. Mutum zai ciri dubu goma in ce caji ɗari biyu, sai ya ce ai banki ya riga ya caje shi. Nawa ladan aikina ne, na banki daban, naira 50 ɗin nan kuma da ake cira in an tura naira 10,000 ko fiye ta gwamnati ce. Duk mun haɗa mun kira su caji, shi ya sa rigima ba ta ƙarewa. Har katin waya ma "recharge" ne, sake ɗura kuɗi a layi.

Mai Caji na Mabera:

Allah Ya saka da alheri, Malam da Baba da Hajiya. Na karanta wa tsohuwa amsar Baba bayan la'asar, limamin masallacinmu ya ce zai tsaya wa yaron. Baba, saura guda: wani ya ce mana ko an ce "discharged" ana iya sake kama mutum, sai an haɗa da "acquitted". Haka ne?

Tsohon Tafintan Kotu, Ƙofar Atiku:

Haka ne ɗana. Ta farko sallama ce kawai, an sauke mashi kayan amma ana iya sake ɗora su in masu ƙara sun dawo da shiri. Ta biyu wankewa ce, bayanta ba a sake yi mashi shari'a kan wannan laifin, sai in kotu ta sama ta ba da umarni. In an gama, ku nemi kwafin hukuncin wurin rajistaran kotu ku ga wacce anka rubuta, ku adana takardar.