Ƙurajen hapis (herpes) na al'aura: da gaske sun yi yawa haka a mustausaf (ƙaramin asibiti)?

Abu Safwan, Jidda:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ana cewa yawancin masu zuwa mustausaf da ƙuraje ko gyambo a gaba, hapis ake samunsu da shi. Gaskiya ne? Kuma gwajin kafin aure da ake yi a nan Saudiyya yana kama shi?

Ummu Rayyan, Makka:
Wa alaikumus salam, Malam. Haka ne, cikin cututtukan da ke kawo gyambon al'aura hapis ne kan gaba, ya fi tunjere nesa ba kusa ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce mutum miliyan 846 masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da shi, miliyan 520 daga ciki nau'i na biyu na ƙwayar hapis ne, wato HSV-2. Sai dai kada a auna gari da layin mustausaf, wanda ciwo ya koro ne ke zuwa can. Akasarin masu ƙwayar ba su ma san suna da ita ba.

Gwajin aure kuwa sikila yake nema, da talasimiya (wani ciwon jini na gado), da ciwon hanta B da C, da ƙanjamau. Babu hapis a ciki.

Abu Hanan, Madina:
Hajiya ta faɗi daidai. Inda ake tafka kuskure shi ne lokacin zuwa. Ƙurajen kan fito kwana 2 zuwa 12 bayan saduwa, ƙanana a cure wuri ɗaya, da ruwa a ciki, su fashe su bar miki mai raɗaɗi, fitsari ya zama azaba. Gwajin da ya fi inganci PCR ne, mai neman ƙwayar kanta, a dangwali ruwan da auduga tun ƙurjin yana ɗanye. Mutane kuma sai kunya ta zaunar da su, su yi ta shafe-shafen man saidaliyya (kantin magani), su zo bayan ya yi ɓawo, sakamako ya fito babu komai alhali akwai. Gwajin jini na IgG, mai neman garkuwar da jiki ya haɗa wa ƙwayar, kan iya ɗaukar mako 12 kafin ya nuna, ɗaya gwajin garkuwar na IgM kuwa asarar riyal ce kawai. Gyambo guda mai tauri marar zafi, wannan a nemi tunjere. Ko wanne ne, a haɗa da gwajin ƙanjamau, don HSV-2 na ninka haɗarin kamuwa da shi kusan sau 3.

Ummu Rayyan, Makka:
Magani ba ya kashe ƙwayar hapis, a jijiya take kwanciya ta riƙa tasowa. A karon farko likita kan rubuta acyclovir miligiram 400 sau 3 a rana, kwana 7 zuwa 10. Wanda yake yawan dawo masa, 400 sau 2 kullum. Allurar kashe bakteriya ba ta taɓa shi. Mai ciki ta faɗa wa likitarta tun a awo: ana fara mata maganin daga mako na 36, in kuma naƙuda ta zo da ƙuraje a waje, tiyata ake yi saboda jariri.