Wai laifin waye in abincin restoran ya tayar wa yaro da borin jini?

Maman Hanif:
Salam jama'a. Ɗana shekararsa 7, jikinsa baya karɓar gyaɗa, ko kunun gyaɗa ya kurɓa sai jiki ya yi ruɗu-ruɗu. Ran Asabar muka shiga wani gidan abinci a nan Kano, na tambayi yaron da ke kawo abinci ko akwai gyaɗa a gasasshiyar kazar, ya ce "babu Hajiya", ashe yajin da suka barbaɗa na ƙuli ne. Kafin mu kai mota leɓensa ya kumbura suntum yana ta sosa wuya, sai asibiti. Da na koma washegari manajan cewa ya yi tsautsayi ne, wai ai ni na san lalurar ɗana. Fisabilillahi haka ne?

Ɗan Fagge:
Allah ƙara sauƙi. Amma gaskiya Hajiya kema da naki, ina kika taɓa ganin gashi a garin nan ba ƙuli? Tsire ƙuli, kilishi da tunkuza ake kwaɓa labunsa, ga man gyaɗa a suya. Shi yaron in kin ce gyaɗa tunaninsa wadda ake ɓarewa a watsa baki.

Anti Nas:
Haba malam, ta fa tambaya. In bai sani ba ya shiga kicin ya tambayi kuku mana, meye wahala a ciki? Da "ban sani ba" ya ce da ba ta siya ba. Sannan Maman Hanif kar ki ɗauki abin nan wasa, in kumburin ya sauka maƙogwaro numfashi na sarƙewa Piriton ba zai riƙe shi ba, allurar adrenalin ake yi kuma da gaggawa, ki sa likita ya miki bayani sosai.

Baban Zee:
Mu nan Ingila abubuwa 14 doka ta tilasta wa mai abinci ya bayyana, har da gyaɗa, riɗi, madara, ƙwai da kifi. A 2016 wata yarinya 'yar shekara 15 ta rasu a kan riɗin da ke cikin burodin sanwici wanda ba a rubuta a jikin ledar ba, shi ya sa aka ƙara tsaurara dokar a Oktoban 2021. Ki adana rasit da takardar asibiti ki kai ƙorafi FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya.

Maman Hanif:
Na gode. Rasit ɗin na nan a jaka. Wlh ba kuɗinsu nake so ba, ko ya jikin yaron mutumin nan bai ce min ba.