Don Allah a fahimtar da ni siyasar Tailan kafin in yanki tikiti

Mai tambaya: Salam 'yan uwa. Ina shirin zuwa Bankok sarin kaya a kasuwar Pratunam, to kullum sai naji an canza firaminista, shine nake tambaya wai wa ke riƙe da ƙasar nan ne, sarki ko sojoji ko 'yan siyasa? In tafi ko in dakata?

Malami daga Zariya: Wa alaikumus salam Alhaji. Zaɓe ana yi, amma cin zaɓe daban, hawa mulki daban. A 2023 jam'iyyar Move Forward ce tafi kowa kujeru, sai sanatoci 250 da sojoji suka naɗa suka tare ma ɗan takararta Pita hanya, a 2024 kotun tsarin mulki ta rushe jam'iyyar gaba ɗaya. Kotun nan ce ta tsige firaminista Srettha a 2024, ta tsige firaminista Paetongtarn, 'yar tsohon firaminista Thaksin, a 2025 saboda wata waya da tayi da Hun Sen, tsohon firaministan Kambodiya, shi kansa Thaksin ɗin sojoji ne suka kifar da shi a 2006. Sojoji da kotu da fada suna da ƙarfi ƙwarai.

Wata Hajiya: Alhaji ni ina zuwa, ka tafi abinka, shaguna basa rufewa don an cire firaminista. Amma don girman Allah ka kama bakinka akan sarkinsu, ko a Facebook, ko da wasa da direban tasi. Dokarsu ta cin mutuncin sarki, sashe na 112, ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ne, kuma basa cewa kai baƙo ne. In ka ga taron zanga-zanga sauya hanya.

Dillalin shinkafa: Ni abin da nake bi shine manufofinsu, don su ke taɓa farashi. A 2011 gwamnatin firaminista Yingluck, ƙanwar Thaksin, ta riƙa sayen shanshera daga manoma baht (kuɗin Tailan) 15,000 tan ɗaya, sama da farashin kasuwa sosai, manoman karkara suka ji daɗi don sune masu zaɓenta, amma shinkafa ta taru a rumbunan gwamnati tana lalacewa, 'yar Tailan tayi tsada a waje har Indiya ta ƙwace mata kasuwa a 2012. Daga baya kotu ta yanke ma Yingluck ɗaurin shekara 5 bayan ta bar ƙasar. Ka riƙa duba canjin baht da dala kafin ka tashi.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Hajiya zan miki magana ta akwati akan masauki kusa da Pratunam.